Ranar da Maguna Suka Zo Jeren Amarya

Akwai wata mata a unguwar Abbaganaram, cikin Maiduguri, da ake kira Hajiya Sauda mai turare. Jama'ar wannan shafi, ku yi mini haƙuri idan na ɗan kauce, ina dawowa hanya. Sunaye sun fara zame mini kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Amma wannan labari ya ƙi barin kaina, wataƙila don ta hanci ya shiga.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ɗakin amarya ba ya cika sai da turaren wuta. Gado na iya zama na aro, labule na iya zama gwanjo, ba wanda zai tanka. Amma a zuba turare a kasko hayaƙi ya tashi babu daɗi, matan gari za su riƙe maganar har a yaye 'ya'yan amaryar.

To, Hajiya Sauda ita ce ake kai wa kuka.

Ba ta da mudu, ba ta da cokalin awo. Da ƙafarta take zuwa kasuwa, ta ɗauki itacen turare ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi a kunne, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan. Idan za ta yi wa amarya haɗi, sai an kawo mata yarinyar. Ta zaunar da ita, ta yi ta yi mata tambayoyin da ba su da kai: shayi da zafi kike sha ko sai ya huce? Idan aka yi tsawa kina tsorata? Daga nan sai ta tashi ta ɗora tukunya.

In aka tambaye ta yadda take gane abin da ya dace da kowace, sai ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Jikina ne yake gaya mini."

Malamanmu suna kiran irin wannan firasa. Na taɓa zama da wani dattijo a kan hanyar Konduga, ko kuwa Dikwa ce, wanda yake kallon tafiyar saniya daga nesa ya ce gobe ba za ta ci ciyawa ba. Shi ma bai san yadda yake sani ba. Amma bari mu koma wurin Sauda.

Mijinta Malam Ba'ana tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, ya rungumi cin abinci hannu biyu. Maƙwabciyarta kuma aminiyarta ita ce Ya Gumsu, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Duk ranar da Sauda za ta soya turare, matan layi sukan taru ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanta, ana hira ana shinshine. Wata ta ce ƙara sandal, wata ta ce ya isa, Sauda ta yi dariya ta yi abin da ranta ya ba ta. Kafin ta rufe kwalba kuwa, sai ta ɗebi kaɗan ta zuba a garwashi kowa ya ji.

Akwai kuma wani ƙaton mage a gidan, sunansa Manaja, domin ba ya aikin komai sai kallon masu aiki.

Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya wa mata masu sana'a horo a wani otal a GRA. Aka sa sunan Sauda. Mai koyarwar wani saurayi ne mai ladabi da fara'a, sunansa Caleb. Ya nuna musu tsafta, ya nuna musu yadda ake saye da sayarwa ta waya, ya raba musu ƙaramin sikeli mai lantarki, da ma'aunin zafi, da takunkumi, da safar hannu, da farar riga. Ya kuma sa musu wata manhaja a waya mai faɗin nauyin kowane haɗi da lokacin saukewa.

"Iyayena," in ji shi, "hanci yana gajiya, hannu yana mantuwa. Sikeli kuwa ba ya yi wa kowa kara."

Yaron gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce Hajiya Sauda ba ta iya ɗaukar abu rabi-rabi ba.

Ta dawo gida da takardar shaida a cikin gilashi, ta rataye ta inda hoton aurenta yake, hoton ya koma bayan ƙofa. Ta kwashe buhunan geron Malam Ba'ana daga ƙaramin ɗaki, ta ce daga yau nan ne ma'aikata. Ta hana kowa shiga.

Matan layi suka zo da tabarmarsu kamar kullum. Ta leƙo da takunkumi a fuska.

"Ku yi haƙuri, yanzu ba a soya turare a gaban jama'a. Numfashinku yana da ƙwayoyin cuta."

Ya Gumsu ta riƙe haɓa. "Numfashin namu, Sauda? Wanda muka shekara da shekaru muna hura miki wuta da shi?"

"Ya Gumsu, ilimi ne ya zo. Ba ni na ce ba."

Suka naɗe tabarma suka tafi. Ba su yi fushi sosai ba, sai dai suka sa mata suna Likita.

Kasuwa ma ta daina zuwa. Ta waya take aika wa wani ɗan kasuwa adadin abin da take so, mai keke ya kawo mata har ƙofa. Kuma a gaskiya, a farkon lamari komai ya tafi daidai. Turaren yau ya zama irin na jiya, kwalabe suka yi kyau, har daga Abuja ake aiko mata. Sai dai tsofaffin masu sayenta sukan shinshina su ce, "Yana da daɗi, amma kamar ba naki ba." Ita kuma ta ce hassada ce.

Sai auren Hanifa ya taso.

Hanifa 'yar autar Ya Gumsu ce, a bayan Sauda ta girma. Wanda za ta aura, Mukhtari, ɗan gidan dillalan shanu ne da suka daɗe da barin daji suka zauna gari. Matan gidansu kuwa a kan turare ba su ɗauki kowa a bakin komai ba. Babbarsu ita ce gwaggon ango, Hajiya Hussainatu, wadda ake cewa tana tsayawa a bakin ƙofa ta faɗi abin da aka ƙona a ɗaki shekaranjiya.

Ya Gumsu ta haɗiye sauran fushinta ta zo ta tsaya a ƙofar ma'aikata.

"Sauda, kin san gidan da yarinyar nan za ta shiga. Ba mu fi su kuɗi ba, ba mu fi su dangi ba. Abu ɗaya nake so: ranar da Hussainatu za ta shiga ɗakin 'yata, ta rasa abin faɗa. Ki rufa mini asiri."

"An gama," in ji Sauda. Ta latsa waya. "Ga shi nan, Haɗin Amarya na Musamman."

"Ba za ki kira ta ki dube ta ba?"

"An daina wannan, Ya Gumsu. Canfi ne. Shan shayin mutum me ya haɗa shi da turare?"

Ya Gumsu ta juya ta tafi.

Ranar da mai keke ya kawo kwalin itacen, ko Litinin ce ko Talata, na manta, ranar dai ana zafi irin wanda yake sa ƙadangare neman inuwa, wani abin mamaki ya faru. Manaja, wanda ko mai gida ya dawo daga tafiya ba ya ɗaga kai, ya taso da gudu ya tari kwalin. Ya goga jiki, ya yi kuka mai taushi, ya bi Sauda har ƙofar ma'aikata yana lasar baki.

Sauda ta ji wani abu ya ɗan taɓa ta a ƙirji. Ta tsaya. Sai ta ce a ranta, mage dai mage ne. Ta gyara takunkumi ta tura ƙofa.

Ta auna itace, daidai. Ta auna sukari, daidai. Ta auna man turare, daidai, ko ɗigo bai wuce ba. Ta ɗora tukunya.

Daga tsakar gida Malam Ba'ana ya ɗaga murya cikin farin ciki.

"Hajiya! Allah ya yi miki albarka! Ashe yau miyar kifi za mu sha?"

"Wane irin kifi kuma? Kuka na kaɗa."

"To wallahi wani a layin nan yana cin daɗi."

"Kai dai ko fetur ka shinshina, nama kake ji."

Ta ci gaba da juyawa. Amma abin nan na ƙirjinta bai tafi ba. Ƙarar tukunyar ba irin wadda ta saba ji ba ce, itacen kuma yana shan mai kamar wanda ya riga ya ƙoshi. Ba za ta iya cewa ga abin da ya ɓaci ba. Jikinta ne kawai yake cewa, Sauda, tsaya.

Har hannunta ya kai kan takunkumi za ta sauke ta shinshina. Sai ta tuna takardar shaidar da ke rataye. Ta mayar da hannu, ta ɗauki waya ta kira Caleb.

"Ɗana, ina aikin amarya ne, amma hankalina bai kwanta ba."

"To Mama, mu bi a hankali. Nauyi ya yi daidai?"

"Daidai."

"Zafin wuta fa?"

"Daidai."

"Lokaci?"

"Ga shi yana tafiya."

"To me ya faru?"

"Babu. Jikina ne kawai."

Yaron ya yi dariya ta girmamawa. "Fargaba ce, Mama. Babban aiki ne. Ki sha ruwa."

Ta sha ruwa. Waya ta yi ƙara, ta sauke, ta bari ya huce, ta ɗura a kwalabe ta rufe ruf, ba ta zuba ko ƙwaya a garwashi ba. Manhaja ba ta ce a gwada ba.

Ranar jere ta zo, ana gobe za a kai amarya. Da hantsi matan Abbaganaram suka cika gidan da Mukhtari ya kama a GRA. Aka kafa gado, aka rataye labule, aka shimfiɗa darduma. Aka kife kabbasa, wato kwandon nan da ake turara tufafi a kai, aka lulluɓe ta da lafayoyin amarya. Sauda ta iso cikin farar rigarta, ta jera kasake a kowane lungu, ta zuba turare da ƙaramin cokali.

Hayaƙin farko ya tashi, na sukari da man turare. Mata suka ce masha Allah. Aka rufe tagogi, aka ja ƙofa don ɗaki ya sha ƙamshi, aka fito baranda cin burabusko.

Abin da ba su sani ba shi ne, idan mai ya gama ƙonewa, itace ne yake karɓar magana.

Ana cikin cin abinci sai ga wata farar mage a kan katanga. Ta zauna, ta kafa wa ƙofar amarya ido.

"Kai, magen GRA ma daban ce," in ji wata. "Dubi wuya kamar na matar kwamishina."

Sai ga ta biyu. Sai ga wani baƙi mai yagaggen kunne, da ganinsa ba ɗan unguwar ba ne, daga nesa ya zo. Sai wata da 'ya'yanta a jere. Kafin a wanke hannu, katanga ta cika, wasu sun sauko sun yi sahu a bakin ƙofa, shiru, cikin natsuwa, kamar masu jiran rabon zakka.

Ya Gumsu ta matso kusa da Sauda ta yi ƙasa da murya. "Likita, wannan ma yana cikin ilimin?"

Sauda ta dubi ƙofar ɗakin. Abin nan na ƙirjinta ya dawo, wannan karon ya zauna daram.

A daidai nan mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Hussainatu ta fito cikin lafaya ruwan zuma, tana tafiya a hankali irin ta wadda ba ta taɓa sauri don kowa ba. Mata suka miƙe.

"Wushe, wushe, Hajiya! Sannu da zuwa!"

Ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi katanga, ta dubi bakin ƙofa.

"Waɗannan dangin uwa ne ko na uba?"

Ba wanda ya yi dariya sai wata tsohuwa da ba ta ji abin da aka ce ba.

Hussainatu ta tsallake maguna ta murɗa ƙofa. Hayaƙi ya fito ya rungume ta. Maguna suka kutsa ta tsakanin ƙafafun mata, wasu suka haye sabon gado, wasu suka zagaye kabbasa, baƙin nan mai yagaggen kunne ya dafe labule ya yi sama. Mata suka shiga kora da tsintsiya da takalma, ana salati ana tari.

Ita kuwa Hussainatu ko gezau. Ta lumshe ido, ta ja numfashi a hankali.

"Sandal mai kyau," ta ce. "Miski ba laifi." Ta sake ja. "Sai kuma tarwada. Banda ce, irin ta masuntan Baga, ta sha rana."

Ta buɗe ido. "Wa ya yi haɗin?"

Sauda ta fito. "Ni ce, Hajiya. Amma wallahi komai a kan awo na yi shi. Ko ɗigo bai wuce ba."

"Na yarda," in ji Hussainatu. "Kifin ma bai yi yawa ba, bai yi kaɗan ba."

Sai ta juya wurin Ya Gumsu. "Uwar amarya, mu yarinya muka roƙa, ba miya ba. Gobe bayan la'asar zan dawo kafin a kawo ta. In na tarar da ɗakin haka, ni ba zan ce komai ba. Amma ina da ƙanne mata, su kuma Allah bai ba su shiru ba."

Ta shiga mota ta tafi.

Ya Gumsu ba ta yi faɗa ba. Ta tattara lafayoyin 'yarta ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta ƙulle a zani. Da ta yi zagi da ya fi wa Sauda sauƙi.

Sauda ta koma gida ta wuce kai tsaye bayan ɗaki inda ta jefar da kwalin. Ta tarar da Manaja a ciki, ya miƙe ƙafafu, yana barcin da bai taɓa yin irinsa ba. Ta ɗaga shi. Ƙasan kwalin ya yi baƙi da man kifi, ga wani busasshen kan tarwada a lungu yana mata murmushi. Ashe ɗan kasuwar a tsohon kwalin banda ya zuba mata itace, ya bar shi a rana har itacen ya sha ya ƙoshi.

Malam Ba'ana ya leƙo ta kafaɗarta. "Alhamdu lillahi. Ni da na fara zaton hancina ne ya tsufa."

"Malam, don Allah."

"Ban ce komai ba. Cewa kawai na yi, da an tambayi direba."

Ta zauna a gindin darbejiya, ta cire takunkumin da ke rataye a wuyanta. Tana nan zaune sai ga Hanifa ta shigo, hannu da ƙafa duk lalle.

"Inna Sauda, ƙawayena har sun sa mini suna Amaryar Baga," ta ce tana dariya.

Sauda ta ɗaga kai ta dube ta. Ta daɗe rabon da ta dubi mutum haka. Dariya ce a bakin yarinyar, amma yatsunta suna murɗa bakin mayafi, idonta kuma yana komawa kan katangar gidan uwarta. Sauda ta gane ba kifi ne kaɗai yake damunta ba. Yarinya ce za ta bar layin da aka haife ta, ta shiga cikin mutanen da take tsoro.

"Zauna, 'yata. Har yanzu sai shayi ya huce kike sha?"

"Eh, Inna."

"Idan an yi tsawa fa?"

"Ɗakin Mama nake gudu."

"To na ji. Tashi ki je."

Matsala ɗaya ce. Turare mai kyau yana son ya kwana ya tsumu, ita kuwa yini ɗaya gare ta. Sauda ta yafa mayafi ta bi layi gida-gida, ta tsaya a ƙofar kowace mace da ta kora.

"Na zo neman numfashinku," ta ce. "Da ƙwayoyin cutar duka."

Suka ja mata rai kaɗan, don hakkinsu ne. Wata ta ce sai ta ga takardar izini. Wata ta ce ba ta da farar riga. Amma washegari da sassafe, lokacin da Sauda ta dawo daga kasuwa inda ta shinshine itace har masu shago suka gaji, ta tarar da tabarma a shimfiɗe ƙarƙashin darbejiya. Kowace ta zo da 'yar kwalbarta daga ƙasan akwati, ragowar turaren da Sauda ta yi musu tun da can, wanda ya tsumu ya yi baƙi. Wasu kuma tun jiya suka kwashi labule da lafayoyi suka wanke, suka fitar da katifa, ranar Maiduguri ta yi sauran aikin.

Ya Gumsu ce ta zo ƙarshe. Ta ajiye wata ƙaramar kwalba. Turaren ɗakinta ne, wanda take sawa tun Hanifa tana goye.

Sauda ta fito da sikeli ta auna sukari, don a nan ba ya kuskure. Sauran kuwa da hannu tsirara ta ɗiba. Ta murza, ta shinshina, ta ƙara kajiji, ta jefa ɗan ɓawon lemo. Wata ta ce ƙara sandal, wata ta ce ya isa. Ta juye kwalbar Ya Gumsu gaba ɗaya.

Ana cikin juyawa sai hannunta ya tsaya cak. Ta sauke tukunya.

"Ai bai yi ba," in ji wata. "Wayarki ba ta yi kuka ba."

"Ya yi."

"Ta yaya kika sani?"

Sauda ta yi murmushi. "Wallahi ni ma ban sani ba."

Ya Gumsu ta juya fuska gefe don kada a ga ta yi dariya.

Aka kawo garwashi aka zuba kaɗan. Aka jira mai ya ƙone, itace ya karɓi magana. Sannan Malam Ba'ana ya ɗauko Manaja ya ajiye shi gaban kasko. Manaja ya shinshina, ya yi hamma, ya juya musu baya ya tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Alƙalin farko ya wanke ta.

Bayan la'asar Hajiya Hussainatu ta dawo, wannan karon da ƙannenta a baya. Katanga fayau, babu ko wutsiya. Ta murɗa ƙofa ta shiga, ta lumshe ido.

Ta daɗe a tsaye. Ƙannen suna kallon bakinta, Ya Gumsu tana kallon ƙasa, Sauda tana kallon kasko.

"Akwai sandal," in ji Hussainatu a hankali. "Akwai kajiji. Akwai wani tsohon abu kuma a ƙasa, ban san shi ba." Ta sake jan numfashi. "Kamar ɗakin da aka raini yara a ciki."

Ta buɗe ido ta gyara lafaya. "Ba laifi. A kawo yarinya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma da za ta fita, an ga ta ɗan sunkuya wurin kwalbar da ke kan madubi, ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a bakin lafayarta, tana kallon silin kamar ba ita ba. Ƙannenta sun gani. A gidansu kuwa ba a taɓa yi wa turaren wani wannan ba.

Da aka shigo da Hanifa tana kuka a ƙarƙashin mayafi, tana taka ƙofa sai kukan ya tsaya. Ta ja numfashi, ta ce da ƙawarta, "Ƙamshin ɗakin Mama."

Daga baya Caleb ya ji labari ya zo har gida ya ba da haƙuri. Ya ce, "Mama, takunkumin don hayaƙi na ba ki, ban ce ki yi wa hancinki ritaya ba." Ta ce laifinta ne, ta ba shi kwalba ya kai wa mahaifiyarsa.

Na kan tuna labarin nan idan na je asibiti, likita ya gama duba na'ura bai dubi fuskata ba. Ko in na shiga mota, direba yana tambayar waya hanyar unguwar da aka haife shi. Ba na ƙin na'ura, ita ce take tuna mini lokacin shan magani. Amma ni da sunaye suka gudu daga kaina, idan tsohon ɗalibi ya durƙusa ya gaishe ni, ko na rasa sunansa, zuciyata takan gaya mini wannan mai gaskiya ne, wannan kuwa a riƙa lura da takalma. Ba ta cika kuskure ba.

Sikelin Hajiya Sauda yana nan yana aiki. Da safe yana auna sukari, da rana Manaja yana kwanciya a kai, yana nuna cewa ƙiba yake yi.

Turaren kifin kuwa ba a zubar ba, Malam Ba'ana ya hana. Duk ranar da aka yi miya babu nama, sai ya ɗebi garwashi ya zuba kaɗan kusa da kwano. Ya taɓa gayyatata, mun ci tuwo da lami, kuma ban tuna ranar da na ci kifi mai daɗin wannan ba.

Darasi: Ka riƙe sikeli, amma kada ka sallami zuciyarka. Abin da shekaru suka koya wa jikinka ilimi ne, ko da bakinka ya kasa bayaninsa. Idan duk awo ya ce daidai amma ranka ya ce tsaya, to tsaya ka sake dubawa, kuma kada ka kori mutanen da suke shinshinawa tare da kai. Ku tura wa duk wani mai sana'a ko ma'aikaci da kuka san ya daina jin maganar zuciyarsa, tun kafin maguna su riga ku gaya masa.